Kwalaben Furen Dogon Yaro

A Mesaimeer, can kudancin Doha, akwai wani gida da aka yayyanka da katako aka mai da shi ɗakunan haya. A nan Abdul-Ganiyu yake zaune da amaryarsa Zuleiha. Direba ne, yana kai kayan abinci wani otal a Al Mirqab, amma in ka ji shi yana zuba a tsakar gida sai ka rantse otal ɗin nasa ne, manaja riƙe masa kawai yake yi.

Ita Zuleiha ba ta daɗe da zuwa daga Aboabo ta Kumasi ba. Ta sha jira kafin takardunta su fito, kuma takardun nan a wuyan ɗakin suke rataye: in babu ɗaki, babu zama, sai jirgi. Ta san haka, mijinta ya sani, Rashad wakilin mai gidan ya fi su sani. Shi Rashad Basudane ne, jikan mahajjatan da suka tasar wa Makka a ƙafa suka yada zango a hanya. Hausarsa ta tsufa, amma haƙoranta ba su zube ba. Ya taɓa kama Abdul-Ganiyu yana kiwon tantabaru a banɗaki. Ya sake kama shi yana gashin kilishi a kan bene, har ƙararrawar gobara ta tara unguwa.

"Ya Ganiyu," in ji shi a ranar kilishin, "saura ɗaya. Ka ƙara, khalas, shi ke nan, ka kwashi matarka."

Abu ɗaya ne ya gagari Rashad a gidan nan: kyankyasai. Ya kira masu feshi sun fesa, kyankyasan suka ƙara ƙiba.

To, ran nan da yamma Abdul-Ganiyu ya banko ƙofa, rungume da wata doguwar kwalba wadda babu komai a ciki.

"Zuleiha, tashi ki gai da mai arziki!"

Ta leƙa bayansa. "Ina yake, Maigida?"

"Ga ni tsaye kina neman wani?"

Ya dire kwalbar a kan tabarma kamar jaririya. Wai mai haɗa abin sha na otal ne ya ba shi labarinta. Da furen wata bishiya ake yin abin da ake ɗurawa a cikinta, sunan bishiyar elda, a duwatsun ƙasar Turai. Sau ɗaya take fure a shekara. Tsofaffi ne suke tsinka da hannu da sassafe, su ɗora a kan keke don kada mota ta jijjiga furen. Ba a wanke shi, ba a dafa shi, don kada ƙanshin ya gudu. Sai a jiƙa, a sa zaƙi, a ɗura, a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya nuna.

"Amma giya ce fa, Maigida," ta ce a hankali.

"Tasu giya ce. Tawa halal ce tsantsa, ko liman zai buɗe baki da ita. Ke, abin da mutane suke saya ba ruwan ba ne, tarihin ne. Ruwa ai ko a famfo akwai."

Ya zaro waya ya nuna mata hoto. Wasu ƙananan furanni ne farare, cunkus a reshe.

"Me kika gani?"

"Fure."

"Furen me?"

Ta ƙura wa hoton ido.

"Dogon yaro ne, baiwar Allah! Suna kawai Turawa suka sauya masa. Ga shi can birjik a bakin titi, ya yi fure fari fat, duk Qatar babu mai idon ganinsa sai ni."

Zuleiha ta tuna yadda mahaifiyarta take toshe mata hanci ta ɗura mata ruwan dogon yaro in zazzaɓi ya kama ta. Ta buɗe baki, kunya ta rufe mata shi.

Saura keken ɗauko fure. Keken da ke gidan na Malachi ne, maƙwabcinsu na bayan katako, mutumin Kagoro mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Matarsa Caroline nas ce, ita ce kuma ta riƙe Zuleiha kamar ƙanwa tun ranar da ta sauka.

"Ga motar kamfani a hannunka, me za ka yi da keke cikin wannan zafin?" in ji Malachi.

"Injiniya, kai waya da sukurudireba ka sani. Mota tana tsorata fure."

"To ka dawo mini da shi da ƙafa biyu."

Da sassafe ya ɗaure bahon wankin Zuleiha a bayan keken, ya yi bisimilla ya hau. Hantsi ya yi, rana ta buɗe baki, babu shi babu labarinsa. Zuleiha tana ta leƙen ƙofa. Sai can ga shi nan tafe, baho a ka, keke a kafaɗa, rigarsa sharkaf, leɓensa na sama ya kumbura ya rufe na ƙasa.

Caroline tana shanya kayan aikinta. Ta saki igiya ta riƙe ciki.

"Ɗan Kumasi! Kai ka hau keken ko shi ya hau ka?"

"Ƙudan zuma ne," ya ce da rabin baki. "Su ma sun san abu mai daraja, shi ya sa suke gadinsa."

"Jiƙewar fa?"

"Mai ba shuke-shuken titi ruwa ne. Bai fahimce ni ba. Na ce masa tarihi nake kafawa, ya juyo mini tiyo."

Malachi ya fito ya karɓi kekensa, ya juya ƙafar gaba. Ta yi rawa sau ɗaya ta tsaya.

"Wannan kuma fa?"

"Wata babbar mota ce ta wuce, iskarta ta kwashe rabin furen. Na bi shi."

"Ka bi fure? A kan babban titi?"

"Injiniya, in an buɗe kamfani zan saya maka keke mai inji, ka daina yi mini kuka a kan tsohon ƙarfe."

Furen da ya tsira aka zuba a babbar tukunyar Zuleiha ta aure, ba wanki ba dafuwa, har da 'yan tururuwan da suka biyo shi. Ya kwana biyu a jiƙe. Aka tace da farin mayafinta, mayafin ya koma kalar ganye. Sai aka kira Malachi ɗanɗano.

Ya kurɓa. Idonsa na dama ya rufe, kunnuwansa suka motsa, ya daɗe yana kallon sama kamar mai neman gafara.

"Yaya?" in ji Abdul-Ganiyu. "Ka ji duwatsun Turai?"

"Na ji kakata. Ita ma haka take yi mana in mun yi laifi."

Caroline ta lasa da ɗan yatsa ta tofar. "Kawo wannan asibitinmu, zazzaɓi zai tattara kayansa ya koma gida ba sallama."

"Harshen mutanen Najeriya! Ku da kuke ƙona shinkafa ku ce dafa-duka ce, ina za ku san ɗanɗano? Zaƙi ne bai kai ba."

Ya juye sukarin ɗakinsu. Ya aro na Caroline. Ya sayo buhu guda ya ƙara, ya kawo dabino mai laushi ya dama a ciki, har muciya ta tsaya da kanta a tsakiyar tukunya. Ɗacin dai bai tafi ba, ya koma baya ne ya laɓe, sai ka haɗiye ya fito ya shaƙe ka. Abdul-Ganiyu ya ce haka na Turawa yake, sai mai ilimi yake gane daɗinsa.

Saura tarihi. Ya roƙi auduga a wajen Caroline, ya manna a haɓa da man kitso, ya naɗa zanin gado a ka, ya riƙe keken Malachi ta gefen da bai lanƙwashe ba.

"Ɗauke ni hoto, Zuleiha. Daga yau wannan shi ne kakana, Alhaji Mai Fure, wanda ya fara wannan sana'a a 1902. Daga Salaga yake ɗauko fure a kan keke har Kumasi."

"Maigida, ba mahauci ba ne kakanka?"

"Da rana. Wa ya san abin da yake yi da asuba?"

Tana ɗaga waya fanka ta juyo, rabin gemun ya tashi ya sauka a cikin tukunya. Ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa, hoton ya fito a karkace. Haka aka buga shi aka manna a jikin kwalaben da ya kwaso daga otal, da suna a sama da manyan baƙaƙe: SANYIN ZUCIYA.

Malachi ya juya kwalba a hannu. "Oga Ganiyu, a 1902 ina kakanka ya samu keke mai lambar shagon Sanaiya ta nan Doha?"

"Mutum ne mai hangen nesa."

Da aka ɗura aka toshe, sai maganar ajiya ta taso. Gidan ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Abdul-Ganiyu ya yi tunani, ya tafa hannu.

"Su ƙasa suke kai nasu don ba su da rana. Mu Allah ya ba mu. Abin da zai ɗauke su shekara, mu mako biyu ya ishe mu. Sama za mu kai!"

Aka jera kwalaben a bayan tankin ruwa a kan bene, wurin da in bazara ta kama ruwan famfon sanyi ma sai ka bar shi ya huce kafin ka yi alwala.

Bayan 'yan kwanaki Zuleiha ta hau shanya. Tana cikin rataye zani sai ta ji tsss. Ta waiga, babu kowa. Ta sake ji, tsss. Ta matsa bayan tanki. Kwalaben ne. Ƙananan kumfa suna ta hawa a ciki kamar ana kiransu, wani wari kuma yana tashi irin na ƙullun koko da aka manta da shi. Ta sauko da sauri har tana tuntuɓe.

"Maigida, kwalabenka suna tsaki."

"Nuna suke yi."

"Suna wari kuma."

"Hancinki na Aboabo ne, bai saba da ƙanshin ƙasashen waje ba."

"Ina tsoron Baba Rashad. In ya kore mu..."

"Rashad? Shi ne babban baƙo ranar buɗewa! In ya kurɓa, da kansa zai roƙe mu mu koma babban ɗakin gaba mai taga."

Duk da haka ya hau da wayar ƙarfe ya ƙara ɗaure bakin kowace kwalba tamau, wai kada ƙanshin ya tsere.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsakar gida ta cika. Ga mutanen Ghana, ga na Najeriya, ga wasu 'yan Nepal na ɗakin baya da suka ji ana cewa kyauta ne. An ɗaura jan ƙyalle tsakanin igiyar shanya da bututun ruwa. Zuleiha ta jera kofuna a faranti ta koma bayan Caroline ta tsaya. Rashad ya iso cikin farar jallabiya mai guga da rawani kamar farin gajimare, aka ba shi kujerar roba a gaba.

"Yalla, ya Ganiyu, ina da wurin zuwa."

Amma Abdul-Ganiyu ba zai kawo kaya a hannu kamar ɗan aike ba. Ya ɗaure akwatin kwalaben a bayan keken Malachi, ya hau, ya shiga zagaya tsakar gida kamar yadda Alhaji Mai Fure yake shiga Kumasi. Ƙafar gaba tana rawa, keken yana tsalle a kan kowane tubali, kwalaben suna kacau-kacau. Ya zaga, aka tafa. Daɗin tafin ya kama shi, ya ƙara zagawa. Ya ƙara.

"Ya isa, za ka kashe mini keke!" in ji Malachi.

Ya sauka yana haki, ya zaro kwalba ɗaya, ya share murya.

"Jama'a, abin da ke hannuna ya girmi kowa a nan. Kakana Alhaji Mai Fure, Allah ya jiƙansa, da zai cika ya kira ni..."

"A 1902?" in ji wani daga baya.

"...ya kira babana, ya ce a faɗa mini. Ya ce sirrin nan kada ya fito sai a gaban babban mutum mai farin tufafi."

Rashad ya gyara zama. Abdul-Ganiyu ya nufi bakin kwalbar wajensa don girmamawa, ya fara warware wayar.

Fau!

Murfin ya tashi ya ɗauke rawanin Rashad ya kai shi kan igiyar shanya. Kumfa ta biyo baya, kore-kore, mai kauri, ta wanke shi daga gemu har gwiwa. Abdul-Ganiyu ya toshe bakin kwalbar da babban yatsa, sai ta rabu biyu, rabi ta samu 'yan Nepal, rabi ta shige masa hanci. Ya ja da baya ya bangaji keken. Keken ya yi tunani kaɗan, ya kwanta.

Daga nan kuma sai abin ya zama na kowa. Fau! Fau! Tau! Murafe suna tashi kamar an tashi tantabarun da ya taɓa kiwo. Ɗaya ya fasa ƙwan fitila, ɗaya ya buga ƙofar banɗaki har wanda ke ciki ya yi salati. Wata kwalba ta kwanta a ƙasa tana juyi tana feshi ita kaɗai. Mata suka yi ɗaki, maza suka riga su. Caroline ta kifa baho a ka tana ihu tana dariya. Abdul-Ganiyu yana tsakiya, hannu a sama.

"Kada ku gudu! Ƙarfinsa ke nan! Haka na asali yake!"

Santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin tarihin kakansa.

Da ƙarar ta lafa, sai warin ya tashi. Malachi ya leƙo daga bayan tukunyar gas, ya buɗe hanci, fuskarsa ta yi haske kamar ya ga ɗan garinsu.

"Karo, kin ji abin da na ji? Wallahi kamar bayan kasuwar Kagoro, rumfar masu burku..."

Caroline ta taka masa ƙafa da dukkan nauyinta.

Amma Rashad ya riga ya kai hannun rigarsa hanci. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Tsakar gida ta yi tsit, sai ɗigar kumfa daga igiyar shanya. Kowa a wurin ya san ƙasar da yake: wanda aka kama ya dafa abin maye a gida, maganarsa ta wuce ta ɗaki, ta 'yan sanda ce. Rashad ya zaro waya daga aljihu, ya goge kumfar da ke kanta.

"Ya Ganiyu. Tambaya ɗaya zan yi maka. Wannan abin, na sha ne?"

Abdul-Ganiyu ya dubi hoton kakansa yana yawo a kan kumfa, ya dubi jama'ar da ya tara, ya dubi matarsa.

Ita kuwa Zuleiha ƙasa take kallo, don can ta saba kallo. Ruwan ya gangara ya cika ramin kwata na tsakar gida. Sai ga gashin baki biyu sun leƙo. Kyankyaso ya fito, ƙato, ya yi taku uku a karkace, ya kife a bayansa, ƙafafu a sama. Wani ya biyo shi. Wani ya hau kan wancan ya faɗo. Kafin ka ce me, bakin kwata ya yi baƙi da su, duk a kwance.

Tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da Rashad ba. Ta ji muryarta ta fito, 'yar siririya.

"Baba Rashad... dubi ƙasa."

Ya duba. Kowa ya duba.

Abdul-Ganiyu ya miƙe zumbur, wandonsa yana ɗiga. "Sha? Wa ya ce sha? Subhanallahi! Maganin kyankyaso ne!"

"Kofunan nan fa?" in ji Rashad.

"Ma'auni ne. Kofi ɗaya, kwata ɗaya."

"Sanyin Zuciya?"

"Baba Rashad, wanda kyankyaso ya bar masa ɗaki, zuciyarsa ba ta yi sanyi ba?"

"Ka ce ko liman zai buɗe baki da shi," in ji wani ɗan Ghana da ya sha jin tallar a tsakar gida.

"Don mamaki! Zai buɗe baki don mamaki!"

Rashad ba yaro ba ne. Ya sake shinshina rigarsa. Ya dubi Zuleiha, farantin kofuna a hannunta. Ya dubi kyankyasan da suka ci kuɗin masu feshi suka yi ƙiba, ga su yau a baje. Sannan ya mayar da wayar aljihu.

"Na ji. Magani ne. Magani ba a sha, ba a sayarwa, ba a kuma ajiye shi a kan benena. Abin da ya rage, yanzu a gabana ka juye shi a kwata. Jallabiyata ka wanke ta da hannunka, ba da hannun yarinyar nan ba. Kuma daga yau kyankyasan gidan nan naka ne. Na ga ɗaya yana tafiya da ƙafarsa, kai da shi za ku fita tare. Miƙo mini rawanina."

Ya naɗa shi a jiƙe, ya fita yana ɗiga.

Ƙofar ba ta gama rufuwa ba Abdul-Ganiyu ya juya wajen 'yan Nepal, ya ɗaga hoton da ya tsamo daga kumfa.

"Kun gan shi? Alhaji Mai Fure! Daga Salaga har Kumasi, in kyankyaso ya ji ƙararrawar kekensa..."

"Kekena," in ji Malachi.

Zuleiha ta ajiye farantin, dariya tana taso mata tun daga ciki. Sai idonta ya koma bakin kwata. Ƙaton nan na farko ya motsa gashin baki. Ya shura ƙafa, ya juya, ya miƙe, ya fara tafiya yana layi kamar mai neman hanyar gida.

Ta dafe shi da silifa. Ta kamo zanin Caroline.

"Anti, ɗauko tsintsiya," ta raɗa mata. "Yi sauri, ba mutuwa suka yi ba. Sun fara farfaɗowa."